Gidan ƙasa ko na bulo? Muhawarar da zafin bazara ya tayar a zaurenmu

Mai Fili: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don Allah masu sani a daure a tanka. Shekara shida ina tari, Allah ya nufa na sami fili hamsin da ɗari a bayan garin Kano, ina son in sa harsashi bayan damina. Gidan hayar da muke ciki yanzu bulo ne inci shida, kwano a kai, silin kuma na kwali. Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya na tashi na dafa bangon ɗakin yara, wallahi ɗumi gare shi kamar bayan murhu. Ƙaramar ta yi ƙurajen zafi har wuya, uwarta tana jiƙa zani tana lulluɓa mata, kafin ta juya ya bushe. Ba a kawo wuta ba, fetur kuma kun san inda ya kai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Abin da ya tsaya min a rai shi ne soron kakana a ƙauye. Da azahar tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. Shi ne nake tunanin in yi nawa da ƙasa. Na faɗa wa yayana, ya ce shekara shida na sha wahala don in koma gidan jiya? Me kuka gani?

Mai Siminti: Wa alaikumus salam. Malam, yayanka ya gaya maka gaskiya. Ba don ina sayar da siminti nake faɗa ba. Kowace damina muna ji a rediyo, gidaje kaza sun rushe a gari kaza, ka je ka duba, akasari na ƙasa ne. Masallacin Juma'a na Zariya wani sashensa ya rufta a Agustan 2023 ana tsakiyar sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Tsohon masallacin Damagaram ya zube a Satumban 2024 bayan ruwan sama. Ka yi bulonka inci tara, ka haɗa sola da fanka, ka kwanta da hankalinka.

Baba Magini: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Zariya, ni mutumin garin ne, ranar ba ta fita daga raina. Amma Alhaji, tunda ka ambaci masallacin, sai ka faɗi shekarunsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen 1830 da 'yan kai. Kusan shekara ɗari da casa'in ke nan yana tsaye, da ƙasa da azara kawai. Ni shekarata arba'in da biyu ina gini, na gaji ubana, shi ma ya gaji nasa. Gidajen da kake ji suna zubewa, ka tambaya yadda aka yi su. An kwashi ƙasar saman gona mai taki, an kwaɓa da safe an ɗora da rana, bangon bai kai kaurin tafin hannu biyu ba, ba harsashi, a cikin kwari inda ruwa ke kwanciya. Wannan ba ginin ƙasa ba ne, ginin rashi ne, Allah ya yaye wa talaka.

Mu yadda muka tarar, jar ƙasa ake haƙowa daga can ciki, a zuba ruwa, a watsa ciyawa ko tattakar doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta kwana, a dawo a sake tattakawa, har sai ta yi danƙo tana kama ƙafa. Sannan a mulmula tubali, a shanya shi mako biyu ko fiye. Bango kuma daga ƙasa yake da kauri, yana hawa yana sirancewa. In an gama sai a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa aka kwaɓa da ƙasa. Rufi da bangon gabas kuwa, inda hadari ke dukansa, laso ake yi musu: katsin marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Laso mai kyau ruwa zamewa yake yi a kansa.

Mai Siminti: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa muku ba. To amma yau ina katsin? Marina nawa suka rage ko a Ƙofar Mata? Giginyar da za a tsaga azara ina take? Kuma wa zai hau soro duk shekara kafin damina yana liƙe tsaga yana gyara indararo? Ma'aikaci ne fa Malam, safe ya fita sai dare.

Baba Magini: Nan kam ka kama ni, ba zan ɓoye ba. Azara ta yi tsada ta yi wuya, giginya sai ta shekara da yawa kafin ta nuna, mu kuma mun sare ba mu dasa ba. Azara ma ba ta son a wuce kamu huɗu ba a tallafe ta ba, shi ya sa ɗakunan da suke ƙanana, sai gidan mai hali da ake ɗaura wa baka, wato tallafin rufi mai siffar bakan gizo. Yaran da na koya wa ɗaurin baka ba su fi uku ba, biyu sun koma aikin bulo. Abin yana damuna ƙwarai.

Injiniya: Salamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama. Ina ganin an taƙaita ta tsakanin soron kaka da bulon inci tara, alhali akwai hanya a tsakani. Bari in fara da dalilin ɗumin bangon da Malam ya dafa.

Zafi ta wuri uku yake shiga ɗaki: rufi, bango, taga. A gida mai hawa ɗaya rufi ne babban mai laifi. Kwano da tsakar ranar Afrilu yana iya haura digiri 60, ya riƙa turo zafin nan kan silin, silin ɗin kwali ko na roba kuma ba abin da yake tarewa. Bulo mai rami shi kuma bai da nauyin da zai riƙe zafi ya jinkirta shi sosai, ranar yamma ta doke shi, kafin isha'i zafin ya iso ciki. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 40 zafi kan ɗauki kusan awa goma kafin ya ratsa shi, kuma ya iso da rauni. Sanyin soron kakanka da azahar sanyin asuba ne bangon ya ajiye.

Hanyar tsakanin ita ce bulon jar ƙasa na matsi. Ana tankaɗe ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan yayyafa ruwa, a matse da inji, a lulluɓe da leda ana ba shi ruwa, ya yi kwana 28 kafin a ɗora. Ba a gasa shi, don haka ba ya cin itace. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injin matse shi, akwai kuma injinan Hydraform na Afirka ta Kudu masu fitar da bulo mai shiga juna. Harsashi ka yi shi da kankare ko dutse, ka ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa a unguwar, ka shimfiɗa leda mai kauri don kada damshi ya hau, sannan bulon ƙasa ya fara. A saman bango a zagaye da linta ta kankare da rodi ta ɗaure ginin.

Maman Yara: Ni dai a soro na girma a Katsina, cikin gari, ba nisa da Gobarau. Ina son a faɗa wa Malam gaskiya duka. Da rana soro ba shi da na biyu, da hunturu kuma ɗumi gare shi ko ba garwashi. Amma daren Afrilu da Mayu ba mai kwana a ciki. Tabarma muke fitarwa tsakar gida, kakarmu ta yayyafa ruwa a daɓe, maza su hau kan soro. Sai wajen asuba ake komawa ɗaki. To yanzu da ɓarayin waya ke haura katanga, ga sauro, wa zai kwantar da yara a waje? Injiniya, wannan zafin da ka ce bango yana riƙewa awa goma, ai da dare yake sakinsa, lokacin da ake son barci.

Injiniya: Hajiya, kin faɗi abin da masu tallar ginin ƙasa ba sa son faɗa. Haka ne. Bango mai nauyi yana amfani ne idan dare na yin sanyi ya huce. A ƙarshen bazara, da damshi ya fara shigowa, dare kansa ba ya sanyi sosai, sai bangon ya kasa hucewa. Maganinsa biyu ne kuma dole a haɗa su. Na farko, kada a bar rana ta doki bangon tun farko. Na biyu, da dare iska ta ratsa ɗakin: taga biyu a bango daban-daban, da wata 'yar ƙaramar kafa can sama kusa da silin, don iska mai zafi sama take hawa. A sa raga da ƙarfe a duka, a bar su a buɗe har safe, da hantsi a rufe. Fankar sola ɗaya a irin wannan ɗaki tana yin aikin da uku ba sa yi a ƙarƙashin kwano tsirara.

Ɗan Damagaram: Ina gaida mutanen zaure. Masallacinmu da Alhaji ya ambata, wallahi ranar da ya faɗi dattawa kuka suka yi. Ruwan 2024 ba irin wanda aka saba ba ne. Amma ku zo Nijar ku ga abin da ake yi da banko, wato ginin ƙasa, yanzu. A Dandaji, jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa na matsi, aka gama a 2018, tsohon masallacin kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Wancan tsohon aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. A Yamai ma akwai rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000, hawa biyu, na ƙasa, aka yi su don masu matsakaicin ƙarfi. Hasumiyar masallacin Agadas kuwa, ta ƙasa, mita 27 ce, tana nan tsaye. Maganar azara da Baba ya yi, mu nan tun wajen 1980 ake koyar da magina gini ba itace, a yi rufin tulluwa da na baka da tubali zalla, ba azara ba tol, wato kwano. A Burkina Faso ma akwai ƙungiyar da ta fara irin wannan a Boromo a shekarar 2000, da salon rufin mutanen Nuba na bakin kogin Nilu.

Baba Magini: Ɗana, rufi ba azara ko ɗaya? Me ke riƙe tubalin kafin a haɗe sama?

Ɗan Damagaram: Baba, jingine ake jera shi. Layin farko ya kwanta jikin bangon ƙarshe a karkace, na biyu ya kwanta kan na farko, haka har a kai ɗaya bangon. Tubalin ƙanana ne marasa nauyi, laka ke kama su. Sai dai bangon gefe dole ya yi kauri sosai saboda rufin turo shi yake yi waje, kuma faɗin ɗakin yana da iyaka, kamar mita uku da ɗan ɗori. In kun sami zuwa zan kai ku ku gani da ido.

Baba Magini: In Allah ya ba da rai da lafiya zan zo. Gani ya kori ji.

Ɗalibar Zane: Ina wuninku iyayena. Ni ɗaliba ce a sashen zanen gine-gine, ina so in sa baki kan rufi, don shi ne Malam zai fi jin bambancinsa ko da bulon siminti ya yi. A Gando, wani ƙauye a Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001. Bangon bulon ƙasa ne, silin ma na bulon ƙasa ne mai 'yan kafofi, sai ya ɗaga kwanon can sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsa da silin, ya kuma zazzago da shi waje sosai ta kowane gefe. Kwanon ya zama laima ke nan. Rana ta gasa shi, iska ta bi ta ƙarƙashi ta kwashe zafin, iskar aji mai zafi ta fita ta kafofin silin. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya.

Mu kuma dubi abin da ake yayi a sababbin unguwanninmu. Kwano baƙi ko ruwan toka mai tsakuwa, wanda ke shan rana kamar kwalta. Ko kuma a ɓoye rufin a bayan bango, ba ko taku ɗaya da ya fito, rana da ruwa su yi ta dukan bangon. Sai tagar gilashi mai zamewa, wadda ko ka buɗe ta duka rabi ce kawai ta buɗe. Sai a malale tsakar gida da siminti ko intalok har bakin ƙofa, a sare bishiyar da aka tarar a filin. Da magariba tsakar gidan nan tururi take yi. Bayan an yi wannan duka sai a ce garin ya ƙara zafi. Garin ya ƙara zafi kam, a Kayes ta Mali an auna digiri 48.5 a Afrilun 2024, amma mu ma muna taya shi da hannunmu.

Mai Siminti: 'Yata, kwano fari fa da hunturu ƙura ke mayar da shi ja.

Ɗalibar Zane: Haka ne Baba Alhaji, yana rage aiki in ya yi ƙura, amma ruwan farko na wanke shi, kuma ko da ƙurar ya fi baƙi nesa ba kusa ba. A Ahmedabad ta Indiya farin fenti kawai ake shafa wa rufin gidajen talakawa, kuma ɗakunan suna raguwa da 'yan digirori. Wanda ke gidan haya ma zai iya roƙon mai gida a yi wannan.

Mai Fili: Jama'a na gode, ina ta rubutawa a takarda. Injiniya, ka ce kada rana ta doki bango. Filin nawa titi yana yamma da shi, mai zanen da na fara gani ya sa falo da babban ɗaki suna kallon titi da manyan tagogi. Ya zan yi?

Injiniya: To wannan zanen ka ajiye shi. Ranar yamma ita ce mafi sharri, tana zuwa a kwance daga la'asar, lokacin da iska ta riga ta yi zafi, kuma tsawon rufi ba ya tare ta. Abin da ya dace da ɓangaren titi shi ne zaure, sito, banɗaki, ko wurin ajiye babur. Kakanninmu da ke sa zaure a gaba sun samu sirri sun kuma samu garkuwa. Ɗakunan kwana ka tura su ciki, tagoginsu su kalli kudu da arewa. Wani abu da mutane ke mantawa: Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana, sauran watanni ta kudu. Ke nan rufin ya fito ta ɓangaren biyu, kusan mita ɗaya, ko ka yi baranda. Da tsakar ranar bazara rana a sama take, wannan ya isa ya inuwantar da bangon kusan duka. Silin ka ɗaga shi ya kai mita uku ko fiye, ka shimfiɗa abin tare zafi a kansa, ka bar kafofi masu raga a kusurwar rufi don zafin da ke taruwa ciki ya fita. Kuma don Allah ban da silin asbestos, ƙurarsa na lalata huhu. Dokar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ma abin da ta nanata ke nan: a rage faɗin gilashi ko a yi masa inuwa, a sa abin tare zafi a rufi. Juya fuskar ɗaki a takarda ba ya cin ko sisi, amma in an ɗora bulo magana ta ƙare. Tun ran gini tun ran zane.

Maman Yara: Kuma ka bar wa matarka tsakar gida ta ƙasa ko da rabi ne, ka dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma tun yanzu kafin a fara gini, nesa kaɗan da bango saboda saiwa. Kicin kada ya zama kurkuku, ka yi mata rumfa a waje. Maza kuna zana gida ba ku tambayi wadda ke wuni a ciki ba.

Mai Fili: Gaskiya ne Hajiya. Ita ce ma ta fi ni son sanyin, abin da take tsoro shi ne surutun dangi, a ce an kai ta gidan ƙasa.

Maman Yara: Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada ka raina shi. Ka ɗauke ta ku je ta ga wanda aka yi da bulon matsi da idonta. In an iya jera shi, ja ne mai kyau, ba ya ma buƙatar filasta ko fenti ta waje. Ranar suna in mata suka cika ɗaki ba wadda ke fifita, su da kansu za su tambaye ta wa ya yi ginin.

Tsohon Ɗan Haya: Ni na ɗanɗana, bari in ba da nawa labarin don Malam ya kiyaye. Shekara huɗu da suka wuce na ba wani ɗan kwangila aikin ɗaki biyu da bulon matsi. Ya kawo inji, amma ƙasar da tifa ta zubo baƙa ce mai yumɓu, simintin kuma da ido yake zubawa, ba awo. Kwana biyar da bugawa ya fara ɗorawa, ya ce rana ta busar da shi. Damina ɗaya kusurwoyin suka fara marmashewa, ina gogawa da yatsa yana zuba. Na kira birkila ya yi masa filastar siminti mai kauri, shekara na zagayowa filastar ta ɓamɓaro falle-falle, na tarar da bayanta a jiƙe. Sai da na rushe layi huɗu na ƙasa ta bangon gabas na sake. Duk da haka ɗakin ya fi sauran gidan sanyi, yara can suke gudu da rana. Amma na yi asara, kuma laifin ba na ƙasar ba ne.

Baba Magini: Siminti mai ƙarfi a kan laka ba sa zama lafiya. Laka numfashi take yi, ta sha damshi ta fitar. In ka rufe ta da siminti, ya tsage ko da kamar gashi, ruwa ya shiga ba ya fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Farar ƙasa da yashi sun fi dacewa da ita. Kuma Malam, kafin ka sayi tifa ɗaya, ka ɗebi ƙasar ka jiƙa ka murza a tafin hannu kamar igiya. In ta ƙi haɗuwa yashi ya yi yawa, in ta yi tsawo tana sheƙi ba ta karyewa yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage. Ka cusa hanci, in tana warin ruɓaɓɓen ganye ta gona ce, bar wa manomi abinsa.

Injiniya: Abin da Baba ya faɗa shi muke yi da kwalba: rabi ƙasa, a cika da ruwa, a girgiza a ajiye, yashi ya kwanta ƙasa, yumɓu ya zauna sama, ka ga rabonsu da ido. Sannan a buga bulo ashirin na gwaji, bayan kwana 28 a tsoma wasu cikin bokitin ruwa kwana guda. Wanda ya fito da kusurwoyinsa shi ne naka. Wannan gwajin ma ya kamata a yi wa bulon siminti, don masu buga hamsin ko sittin daga buhu ɗaya sun cika gari, kuma irinsa ke zubewa da damina ba a kirga shi.

Mai Siminti: Wannan kam gaskiya ne, ina ganinsu, su sayi buhu goma su cika fili da bulo. Amma a yi maganar kuɗi. Ana cewa ƙasa araha ce. Ina arahar, tunda sai ka yi hayar inji, ka nemo magini na musamman, kankare da rodi kuma suna nan?

Injiniya: Ban ce wa Malam zai sami gida rabin kuɗi ba, duk wanda ya ce masa haka yaudararsa yake yi. In ƙasar tana kusa, ko ta fito daga ramin harsashi da sokawe, kuma ya bar bangon ba filasta ba fenti, zai rage. In sai an yi dakonta daga nesa, kuɗin na iya zuwa daidai da na bulo. Ribar tana zuwa ne a zaman gidan. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin fiye da yunit ɗaya a awa. A Afrilun 2024 masu rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, sun koma biyan sama da naira 200 kan yunit. Awa takwas ba hutawa, kusan naira dubu biyu ke nan a dare ɗaya, ɗaki ɗaya, in ma an kawo wutar. Mai sola kuma yawan faranti da batirin da zai saya ya dogara ne da zafin ɗakinsa. Ga simintin kansa, a farkon 2024 buhu ya haura naira dubu goma.

Ɗalibar Zane: Akwai kuma abin da ba a gani a rasit. Kafin siminti ya zama siminti, a Obajana ko Ashaka ko Sakkwato ko Malbaza, sai an gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai kusan digiri 1,450. Makamashin da aka ƙona yana fitar da hayaƙi, dutsen kansa ma in ya gasu yana sakin iskar da ke ɗumama duniya. Masana'antar siminti kaɗai tana fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na wannan iska a duniya. Mu mutanen Sahel ba mu ne manyan masu fitarwa ba, amma a kanmu zafin da ambaliyar ke sauka, kuma mu ne ke da dubban gidaje da ba a gina ba tukuna. Jan bulo gasasshe ma ba mafita ba ne in da itace aka gasa shi, daji ne ke biya.

Tsohon Ɗan Haya: To ita ƙasar fa? Kududdufan cikin birnin Kano ai ramukan ginin da ne. In kowa ya koma ƙasa ramuka nawa za a bari, sauro da yara na faɗawa?

Baba Magini: Tambaya ce mai kyau. Amma kududdufan nan su ke shanye ruwan gari da damina, tun da aka cike su aka yi gini a kai ruwa ya rasa wurin zuwa, yake shiga ɗakunan mutane. Yashin bulo ma ai daga kogi ake kwasowa, ka je ka ga yadda gaɓa ke zaftarewa. Kowane gini sai ya ci wani abu. A dai haƙa a inda hukuma ta ware, a kuma gyara wurin in an gama.

Mai Siminti: Ni har yanzu in ɗana ne zan ce ya yi bulo mai kyau, don ranar da zai sayar dillali ba zai karya masa farashi ba. Amma maganar rufi da juya ɗakuna na karɓa. Shagona ma kwano ne baƙi, da azahar ba na iya zama ciki, zan sa a yi masa farin fenti in gani.

Mai Fili: Alhaji na gode da gaskiyarka, ta sa na ƙara kiyayewa. Ga inda na tsaya. Zanen farko na fasa, zaure da sito za su koma bakin titi. Darbejiya biyu zan dasa wannan makon, akwai maƙwabcin da ya yarda ya riƙa ba su ruwa. Harsashi kankare, rufi fari mai fitowa waje, wannan ko da wane bulo na ƙare. Ɗakunan kwana biyu nake son in fara da bulon matsi, in gwajin bokiti ya yi kyau kuma uwargida ta gani ta amince. Baba, in na kawo muku ƙasar filin da ta wani rami da ke kusa, za ku duba min?

Baba Magini: Kawo, ɗana. Ka haƙa ya kai gwiwa biyu kafin ka ɗiba, kada ka kawo ta sama. Kowace a buhunta, ka rubuta inda ta fito. Asabar bayan azahar ina gida.

Injiniya: Malam, ka turo min awon filin da hoton inda rana ke faɗuwa, mu zauna da ƙanwarmu ɗaliba mu fitar maka da zanen farko. Ka tambayi tsofaffin unguwar kuma iya inda ruwa ya kai a daminar 2024, da shi za mu yanke tsayin harsashin.